Shekarar da Ragon Baba Ya Tsallake Kirsimeti

Na san abin da ake faɗa muku a dangi game da dawowata gida. Wasu na cewa korata aka yi daga aiki, wasu na cewa ciwon gwiwa ne, su kuma 'ya'yan Baba Bitrus har yau in an haɗu wurin biki sai su ce rago ne ya cinye mini aiki, a yi dariya, ni ma in taya su. Tasu ce ta fi kusa da gaskiya, amma da saura. Kai Markus da ke Rahila, ku ne abin ya fi shafa, domin ku aka cire daga makaranta a Garwa ta Kamaru aka kawo Kafanchan ba tare da wani ya zaunar da ku ya yi muku bayani ba. Ga bayanin, ko da yake ya makara.

A lokacin na daɗe ina aikin tafinta. Tsakanin likitocin dabbobi da makiyaya nake tsayawa, a arewacin Kamaru da farko, daga baya Cadi, da ɗan zama a Nijar. Likita ya yi Faransanci, in juya zuwa Fulatanci ko Hausa ko Larabcin kasuwa da na tsinta a hanya, makiyayi ya amsa, in mayar wa likita. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa ɗaukar kaina haka ba. Amma wanda ya shekara da shekaru yana maimaita wa mutane yadda ake ba dabba magani, dole wani abu ya zauna masa a ka. Sun kuma koya mini riƙe sirinji, saboda ranar da hannu ya yi kaɗan. A yawon nan na ga yadda kowace ƙasa ke fama da dabbar da numfashi ya yi wa wuya. A Adamawa na ga ana ɗora ƙarfe mai zafi a ƙirjin saniya. A bakin tafkin Cadi tsofaffi sun nuna mini tabo a karan hancin shanunsu, inda aka tsaga fata aka cusa ɗan huhun wadda ta mutu, rigakafinsu ke nan tun kafin likita ya san hanyar wurin. A Damagaram kanwa ce kan gaba a komai. Mu a gida hayaƙi muka sani, da kafso na mutane. Ban taɓa zuwa inda ba a son dabba ba. Abin da ya bambanta shi ne irin wahalar da ake ba ta da sunan taimako.

Kakanku Baba Ayuba ma'aikacin reluwe ne, kuma tun yana aiki yake da al'ada guda da bai taɓa tsallakewa ba. Kowace shekara sai ya kiwata rago da hannunsa domin Kirsimeti, kuma ba ya yankawa da kansa. Malam Iliyasu mahauci, abokinsa tun suna samari a bakin tasha, shi ke zuwa ya yanka, don maƙwabtanmu Musulmi su ci ba tare da wata shakka ba. Sai a kasa naman, mu yara mu bi gidaje da kwanuka. In Babbar Sallah ta zo, kwanukan nan su dawo mana cike. A da kusan duk unguwar haka ake yi, ba wanda ke ganin abin a bakin komai. Bayan abubuwan da suka faru a garin, waɗanda kun sani ba sai na tono ba, mutane suka ja jiki, wasu suka tashi suka koma inda nasu suka fi yawa. Gidajen da suka rage suna wannan musaya ba su da yawa, namu yana ciki. Baba ya kan ce naman kasuwa kowa na iya saya ya aika, amma ragon da maƙwabci ya ga kana yanko wa ciyawa tun damina, shi ne gaisuwa.

A daminar shekarar da nake ba ku labarinta Baba ya rasu, ya bar rago fari mai baƙin kunne da ya sa wa suna Fasinja, wai don ba ya komai sai ci da barci. Kafin ya cika ya gaya wa kakarku, wadda muke kira Mama, kada a fasa, a yanka Fasinja a bi gidaje kamar kullum. Duk unguwa ta san ragon, ta kuma san maganar.

Na iso hutu ana saura kamar mako guda Kirsimeti. Ban ajiye jaka ba na ji shi. Wanda ya saba da dabbobi ya san sautin nan, wani gurnani ƙasa-ƙasa a ƙarshen kowane numfashi. Da na buɗe ɗakin awaki hayaƙi ne ya fara tarbata. An toshe taga da buhu, an hura garin katako a kasko saboda sanyi, ga Fasinja a tsaye ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, majina ta toshe masa hanci, cikinsa na bugawa kamar zugazugi. Kunnensa da zafi. Baba Bitrus, ƙanen mahaifina, wanda ya zama babban gida bayan rasuwar, shi ke jinyarsa, kuma tsakani da Allah yake yi. Ya farke kafso ɗin nan ja da rawaya a ruwa, yana ɗaga kan ragon sama yana ɗura masa da kwalba. Na roƙe shi ya dakata, domin dabbar da ke haki in an ɗaga mata kai aka zuba ruwa, wani ruwan huhu yake wucewa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce Misye ya iso. Haka yake kirana tun da na fara aiki da masu Faransanci.

Na kashe kaskon, na cire buhun, na fito da ragon inuwar mangwaro inda iska ke bi, sannan na je cikin gari na ɗauko likitan dabbobi a kan babur. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ya auna zafi, ya ce ciwon huhu ne, amma bai wuce magani ba. Ya kimanta nauyinsa, ya zuƙi allurar nan mai launin zuma da makiyaya ke kira oksi, irin mai daɗewa a jiki, ya soka can cikin tsoka. Ya ƙara wata ta saukar da zazzaɓi. Ya ce za a maimaita bayan 'yan kwanaki, in bai ga sauƙi ba zai sauya zuwa wata allurar da ake kira tailosin, ya bar mini sauran tunda na iya. Kafin ya hau babur ya faɗi abin da na faɗa wa makiyaya sau ba adadi da harsuna daban-daban: dabbar da aka yi wa wannan allura ba a yanka ta a ci sai ta yi kusan wata guda, maganin ya fita daga jikinta. Ya faɗa da Hausa, na maimaita wa Mama da yarenmu na gida. Kowa ya gyaɗa kai. Baba Bitrus har ya raka shi bakin hanya yana sa masa albarka.

Na manta da halinmu. A Cadi in makiyayi bai yarda da maganar likita ba, nan take zai yi gardama har jijiyar wuyansa ta tashi. Mu ba ma musu da baƙo, balle wanda ya zo taimako. Mukan amsa masa da ladabi, ya tafi, mu yi abin da muka shirya. A wurin Baba Bitrus, da ma yawancin mutanen gidan, amfanin allurar shi ne ta riƙe ragon da rai har ranar wuƙa. Kuma ta yi aikinta. Kafin Kirsimeti Fasinja ya daina gurnani, ya koma cin harawa, har ya tunkuyi wata akuya da ta leƙa kwanon dusarsa.

Ran jajibere da hantsi ina wanke sirinji a bakin rijiya, sai ga sallamar Malam Iliyasu, da wuƙaƙensa naɗe a buhu a hammata, kamar yadda yake zuwa tun ina yaro. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma tafiyar tana nan. Mama ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya. Baba Bitrus kuwa ya riga ya kwance igiyar ragon.

Na tashi na tsaya tsakaninsa da turken, na tuna masa abin da likita ya ce. Ya yi dariya, ya juya wajen Malam.

"Malam, ka ji ɗanka. Misye, can ƙasar Faransawa haka ake yi? A warkar da rago a zauna ana kallonsa?"

"Baba, maganin yana cikin namansa. Inda aka soka allurar ma, in an feɗe za ka ga wurin ya yi rawaya, yana wari."

"Sai a yanke wurin a jefar. Mun ci wanda ya fi wannan, ga mu nan da ranmu."

Gaskiya ya faɗa, mun ci. Na kuma gaya masa mai yiwuwa a ci ba abin da zai sami kowa. Amma na ga wanda irin naman nan ya ɓata wa ciki, na ga wanda jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, kuma wannan nama ba cikinmu kaɗai zai shiga ba. Na ce ya tuna garin da muke ciki. Kwano ya fita daga gidan Kirista ya shiga gidan Musulmi, matar gida ta ji wani wari a tukunya, ko yaro ya kwana yana gudawa ko da wani abu daban ya ci, wace magana za ta zaga unguwa kafin azahar? Shi ma yana da tasa hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Ya ce wannan ce Kirsimeti ta farko babu yayansa. In kwano bai fita ba, cewa za a yi da ma tsohon ne kaɗai ke son zumuncin, ya mutu 'ya'yansa sun rufe ƙofa. Ya ce ni hutu na zo, zan koma, su ne za su ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a kasuwa.

Sai na ce to bari in je in sayo wani rago yanzu. Wannan ce ta fi ɓata masa rai. Ya tambaye ni ko sunan ubana zan je in sayo a kara, kasuwar dabbobi. Mama ma ta girgiza kai, ta ce unguwa ta san kunnen Fasinja, ba za ta aika wa mutane baƙon rago da sunan mijinta ba.

Duk wannan Malam Iliyasu na zaune yana jan carbi. Da aka nemi ta bakinsa ya ce shi wuƙa ce tasa, rago na masu gida ne, abin da uwar gida ta ce shi zai yi. Mama ta daɗe tana kallon ragon yana tuƙa. Hausarta irin ta mutanenmu ce, gajera, ba ado.

"Malam, ka mayar da wuƙa. Ayuba ya ce a kai wa mutane nama. Bai ce a kai musu magani ba."

Baba Bitrus ya jefar da igiyar ya fita. Bai ci abincin Kirsimeti a gidan ba, karo na farko a rayuwarsa.

Washegari da muka taso daga coci, Mama ba ta cire kayan zumuntar mata ba. Ta zuba shinkafa da miya a kwanuka, babu ko ƙashi a ciki, ta ce ba yara za ta aika ba, da ƙafarta za ta je, in ɗauko daro in biyo ta. Tana da shekaru kusan tamanin a lokacin, tana dogara sanda. Muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa ta yi sallama, ta miƙa kwano, ta faɗi magana iri ɗaya: ragon Ayuba ba shi da lafiya, an yi masa allura, likita ya hana wuƙa, a ci wannan da haƙuri. Na yi tafinta a gaban hakimai da manyan jami'ai, ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba, ina tsaye da daro ina kallon fuskokin mutane suna buɗe kwano. A wani gida maigidan ya karɓa ya yi godiya a tsaye, bai ce mu shigo ba, na ga abin ya soki Mama. A gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli kuwa, ƙawarta ce ta shekaru, leƙa kwanon ta yi ta ce ashe bana rago ne ya yi Kirsimeti, mutane suka yi azumi. Suka yi ta dariya har Mama ta share ido da bakin zane.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a wata ƙasa ba. Mutane suka fara zuwa gaida mara lafiya. Mace ta shigo da ƙunshin dusa, ta gaida Mama, ta tambayi ya mai jiki, a nuna mata shi a gindin mangwaro. Wani ya aiko da harawar wake, wani da ɓawon gyaɗa. Masu zuwa kuma sai su ambata cewa tasu akuyar ma tana tari. Sanyin shekarar ya kama dabbobi da yawa a unguwar, kuma kusan kowane ɗaki da na shiga sai na tarar da kasko da taga a toshe. Likitan shi kaɗai ne, ga ƙauyuka na jiransa, sai ya zamana shi ke dubawa ya faɗi magani, ni in bi in cika allura, in roƙi a buɗe taga, a ware mara lafiya daga masu lafiya, kada a daina magani don an ga dabba ta fara ci. Na shiga zaurukan da rabona da su tun ina kai kwano da gajeren wando.

Ana haka hutuna ya ƙare. Baba Bitrus ya aiko da saƙo cewa tunda an rasa Kirsimeti, sai a yanka ran Sabuwar Shekara, ai Misye zai kama hanya. Na san zai aikata, na kuma san Mama ba za ta iya tsayar da shi sau biyu ba, domin a al'adarmu ƙanen miji ba ƙaramin mutum ba ne a gidan gwauruwa. Na je wurin masu waya a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, na kira shugaban ayarinmu na roƙi ƙarin makonni. Mutumin kirki ne, amma ya ce motoci za su tashi zuwa arewa da shigowar shekara, ba za su shiga daji babu tafinta ba, akwai wani saurayi da ke jiran gurbin. Ya ce in zaɓa. Na kira mahaifiyarku a Garwa. Ta tambaya ko na tabbata rago ne, ba gajiya ba. Na ce mata duka biyun, da kuma tsohuwar da na gani tana bin gidaje da sanda. Ta ce to bari yara su gama zangon karatu.

Ban ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Ina son aikin nan. Har yau in na ji ana Fulatanci a kasuwar shanu sai ƙafata ta tsaya da kanta, kuma akwai safiyar da nake farkawa ina jin kamar za a buga mini ƙofa a ce mota ta shirya. Ku ma kun bar abokai, kun zo kuna Faransanci ana yi muku dariya a aji, kun koma baya da shekara guda. Ba ku aka tambaya ba. Ni na yanke, kuma ina sane da abin da nake yankewa.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo kamar wata guda bayan Kirsimeti. Ana saura 'yan kwanaki Mama ta kira ni ta tambaya ko maganin ya fita. Na ce ya fita, har da ƙari. Ta ce in kwance Fasinja. Muka ja shi har ƙofar gidan Malam Iliyasu, yara na biye da mu, ta miƙa masa igiyar ta ce ga ragon layyarsa, kyauta daga Ayuba. Malam ya ƙi karɓa da farko, ya ce wannan ya yi yawa, ya riga ya yi nasa tanadi.

"Wuƙarka aka yi wa alkawari, Malam. Rana ce kawai ya canza. Kai ka san gidajen."

Ya riƙe igiyar, leɓensa na motsi da addu'a.

Ran Sallah bayan an sauko daga idi ya aiko a kira ni. Ya riga ya feɗe. Ya ɗago huhun ya nuna mini gefe guda inda ya ɗan manne da haƙarƙari, tabon ciwon ke nan, sauran kuwa jajir, lafiya lau. Ya kasa naman da hannunsa, ya lissafa gidajen da Baba ke aika wa bai tsallake ko ɗaya ba, har da na mutumin da bai ce mu shigo ba. Duk inda kwano ya je sai a ce na Ayuba ne. Kason gidanmu cinya ce guda da wuya.

Mama ta dafa, ta aika a kira Baba Bitrus. Ya zo yana ɗaure da fuska, ya zauna nesa da ni, ya ci har ya kai ga ƙashi. Sannan ya tsotse shi, ya duba cikin kwanon, ya ce wa Mama, ba ni ba, ragon ya fi ƙiba yanzu a kan yadda yake a Kirsimeti. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, ni ma ban nemi ƙari ba.

Mama ta ci kaɗan, ta ajiye cokali, ta yi addu'a da yarenmu, ta ambaci mijinta ta gaya masa an kai. Damina biyu ta ƙara a duniya. Da ta kwanta ciwonta na ƙarshe, shi ma na ƙirji ne, ni na ɗaga ta na jingina ta da filo don numfashi ya yi mata sauƙi, ina kuma zaune a gefenta da ta cika. Da na bi motocin nan, da a waya zan ji.